Jan ruwan teku da koren ruwan tabki: muhawarar da kirefish ya tayar

Uwar Biyu (Mabera): Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Don Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Tun jiya wata murya ke yawo a wayoyin mata, wai teku ya yi ja a kudu, duk abin da aka kamo cikinsa guba ne, har da kirefish ɗin da muke dakawa a yaji da miya. Ni kuwa shekaranjiya na auno rabin kwano a Kasuwar Daji, kun dai san yadda kuɗinsa ya koma. Maƙwabciyata har ta juye nata a bola. In zubar ko in dafa?

Sarkin Musu (Gawon Nama): Hajiya, me ya haɗa kifi da kaska? Daga nan Sakkwato zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Mu da muke bin 'yan ga-ruwa da jarka, da teku kuma za a tsorata mu? Ki dafa abinki, in ta nuna ki aiko mana.

Baba Mai Zaure: Wa alaikumus salam. Kada kowa ya turo muryar nan cikin zaure. Na saurare ta, babu sunan mai magana, babu sunan gari, babu rana. Amma tambayar Hajiya tana kan hanya. Ina ɗanmu na Sifaniya? Kullum kana ce mana karatunka a kan ruwan teku ne muna yi maka dariya, to yau ga ranarka.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ga ni. Hajiya, kada ki zubar. Ki shinshina shi, in ba warin maganin ƙwari, ba hunhuna, ki dafa. Waɗannan biyun su ne abin tsoro a busasshen kirefish, ba jan teku ba.

Amma wanda ya yi muryar bai ƙirƙiri abin daga iska ba, ya dai ji ƙishin-ƙishin ne ya ƙara gishiri. A cikin teku akwai wasu tsirrai mitsi-mitsi, dangin gansakuka, kowanne ƙwayar halitta ɗaya tak, yawancinsu ba su kai kaurin silin gashi ba. Su ne ciyawar teku, da su ƙananan halittu ke rayuwa, kifi ya ci ƙananan, mu mu ci kifi. Irinsu dubbai ne, 'yan kaɗan ne a ciki ke haɗa guba a jikinsu. In yanayi ya yi musu daɗi sai su hayayyafa, wani lokaci har ruwan ya rine ya koma kamar an tsoma zoɓo.

Wanda ke tara gubar shi ne kumba da danginta. Kun san kumbar nan mai ɓawo biyu da muke tsinta a bakin gulbi muna yara, wadda tsofaffi ke kankare tukunya da ita? To a teku akwai irinta manya, ana cin tsokarsu, ana ma kiwonsu. Ita ba ta farauta, tana zaune wuri ɗaya tana zuƙar ruwa tana tacewa. Babba guda kan tace fiye da lita 100 a yini, jarka huɗu ko biyar ke nan. Duk ƙwayar da ta bi ruwan sai ta maƙale a cikinta. Ita kumbar ba ta mutuwa, ba ta wari, ɗanɗanonta ba ya canjawa. Kirefish kuwa ɗan jatan lande ne, ba haka yake cin abinci ba.

Nas (Arkilla): Yaya, a wajen mutum yaya take fara nunawa? A makaranta an taɓo mana ita a layi biyu aka wuce.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Ba guba ɗaya ba ce, ƙanwata. Mafi muni ita ce saksitoksin, mai shanye jiki. Cikin rabin awa zuwa awa biyu leɓe da harshe su fara tsikari su mutu, sai yatsu, sai ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, magana ta sarƙe. In ta yi yawa naman da ke jan numfashi ya tsaya, alhali mutum yana cikin hankalinsa. Ba ta da makari. Abin da ake yi kawai a sa shi a na'urar numfashi har jiki ya fitar da ita, wanda ya tsallake yini guda galibi yakan warke sarai. A Gwatamala a 1987 mutum 187 suka kamu bayan sun ci kumba, 26 suka rasu, kuma yara ta fi yi wa ɓarna.

A 1987 ɗin dai aka gano wata a Kanada, daga kumbar da aka kiwata a tsibirin Firins Edwad. Sama da mutum 100 suka kwanta, uku suka rasu, wasu da suka tashi ba su ƙara riƙe sabon abu a kai ba. A gaya wa mutum magana yanzu, an jima ya sake tambaya. Wannan ita ake kira domoyik, ƙwaƙwalwa take bi. Akwai kuma mai sa gudawa da amai, ita ce ta fi yawa a nan inda nake, ba ta cika kisa ba amma tana rufe kasuwa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe: wuta ba ta kashe su. Ki tafasa, ki soya, ki sa a firiza, suna nan.

Uwar Biyu (Mabera): Innalillahi. Mu da muka ɗauka duk abin da ya ji wuta ya zama lafiya.

Ɗan Kware: Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma gidanmu sana'ar su muka gada. Abin ga da kaka hwaɗi, Malam, mu ma mun san ruwa na lalacewa. Babanmu, Allah shi jiƙan shi, in yad dubi tabki da sahe shina gane ruwan da kihi ka gudu. Ba shi da na'ura, ido da hanci na kawai. Su masuntan can ba su da idanu na? In ruwa ya yi ja ai sai a bar shi. Mi za a kai ma likita?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Amin, Kawu. Suna da ido, kuma kakanninsu ma da ido suka yi aiki. Amma ga inda gizo ke saƙar: sau da yawa ruwan ba ya yin ja. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, ɗari kaɗan a lita guda sun isa su sa kumba ta zama guba, ruwan kuma garau kamar na randa. Wani lokaci kuma teku ya yi jawur, a auna a ga ba guba ko kaɗan, wani iri ne marar cutarwa. Launi na ruɗin mutum ta kowane ɓangare.

Ni kaina na kusa faɗawa. Watan farko da na zo, na ga kumba baƙa ƙirin manne a duwatsun bakin ruwa, ba mai tsaro, na ce yau ga banza ta faɗi. Na cika leda. Wata tsohuwa ta biyo ni tana faɗa da yarensu, ni ban ji ba, sai da ta ja ni gaban wani allo ta nuna mini da sanda. Ashe wurin a rufe yake. Ruwan kuwa har ƙasansa kana gani. Na mayar da kayana ina jin kunya kamar an kama ni da akuyar mutane.

Sarkin Musu (Gawon Nama): Basakkwace da banza. Da ka ja mana abin faɗi. To su wa ya gaya musu akwai guba, tunda ido bai gani?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Yawwa, aikin da nake koyo ke nan. Yankin da nake sunansa Galisiya, shi ne kan gaba a Turai wajen kiwon kumba. Suna da dandamali na katako sama da 3,000 a kan ruwa, igiyoyi na rataye ƙarƙashinsu, kumba na manne. An yanka ruwan shiyya-shiyya kamar unguwanni. Kowane mako jirgi na zagayawa wurare sanannu, ba a canja su, ana ɗebo ruwa daga sama zuwa ƙasa, a ɗiga masa aidin don ƙwayoyin su mutu ba tare da sun narke ba. A ɗakin bincike sai a zuba ɗan kaɗan a wani ƙaramin bututu a bar shi ya kwana, su kwanta a ƙasa, da safe mutum ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta irin kowanne. Aiki ne mai cin ido da wuya, ba wani abin burgewa a ciki.

Ƙirgar nan gargaɗi ce kawai. Hukunci yana kan tsokar kumbar. A niƙa ta a auna. Dokar Turai ta ce in saksitoksin ta wuce maikurogiram 800 a kilo guda, wato ko miligiram ɗaya bai cika ba, an rufe shiyyar. Domoyik kuma miligiram 20 a kilo. Ba a buɗewa sai an auna sau biyu a jere an samu ƙasa da haka, da tazarar aƙalla awa 48 a tsakani.

Da can da ɓera ake gwaji. A yi masa allurar ruwan kumbar, a riƙe agogo, saurin mutuwarsa shi ke nuna yawan gubar. A Kalifoniya aka fito da wannan dabara, bayan mutane sun mutu a wajajen San Faransisko a 1927. Yanzu Turai ta koma na'urorin sinadarai, ɓeraye sun huta. Ana kuma duba hotunan tauraron ɗan'adam, amma shi launi yake gani daga sama, ba ya sanin mai guba da marar guba. Dole dai wani ya shiga jirgi da kwalba.

Alaramma (Kanwuri): Bismillah. Ina biye da ku. Kada dai a manta Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da aka tambaye shi game da teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kada bincike ya sa mu haramta abin da aka halatta.

Malama (Runjin Sambo): Allah ya gafarta Malam, ina ganin ba wanda ya haramta. Zuma halal ce, amma in aka ce an zuba mata guba ai ba za ka ba almajiranka ba.

Alaramma (Kanwuri): Haka ne Malama, kin yi daidai, kuma ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ta rufe wannan. Na faɗa ne don masu saurin baki. Akwai ma wata mas'ala da ta fi kusa da mu: a mazhabarmu ruwan da gansakuka ta canja wa launi yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi, don daga jikinsa ta tsiro. Yanzu sai ku gaya mana, irin wannan tsiron na teku yana ruwanmu na nan?

Likitan Dabbobi (Wamakko): Allah ya saka wa Malam, tambayar da nake jira ke nan tun ɗazu. Ana ta zancen kumbar Sifaniya, alhali namu na bayan gida. Na teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi, amma yana da ɗan'uwa a tabkuna da madatsun ruwa. Sunansa sayanobakteriya. Shi ne ke sa ruwa ya yi kore shar kamar an zubar da fenti, wani lokaci da kumfa mai shuɗi-shuɗi a gefe da wari kamar ruɓaɓɓiyar ciyawa. Abin da yake so uku ne: zafi, ruwa a tsaye, da taki. Ku dubi watan Afrilu a nan, zafi ya haura 40, tabki ya janye ya zama kwano, ga ragowar yuriya da NPK daga fadamu, ga kashin shanu. Mun haɗa masa komai.

Mu likitocin dabbobi mun daɗe da saninsa. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawakai da suka mutu a tabkin Alekzandirina na Ostireliya bayan sun sha irin wannan ruwa. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumar ƙasar ta ɗora laifin a kansa. Giwa fa, ba akuya ba.

Shekarun baya wani Bafulatani ya kira ni, shanunsa uku sun faɗi a yini ɗaya bayan sun dawo daga mashaya. Na buɗe ɗaya, hanta ta kumbura ta yi baƙi-baƙi da jini. Ya ce gefen da suka sha kore ne kamar miyar kuka. Kuskurena, ban je tabkin ba sai bayan kwana biyu. Ina zuwa iska ta juya, ta kwashe koren, ruwa ya washe. Na ɗebo kwalbar da ba ta da amfani. Har yau abin na cina.

Mai Gidan Kifi (Kwalkwalawa): Dakta, a nan zan ja da kai. Mu koren ruwa muke nema. Har takin kaji muke zubawa a kududdufi don ya yi kore, karfasa ta samu abinci. Yanzu ka sa mutane su ga koren ruwa a gonata su ce kifina guba ne. Kasuwa ba ta jin "wani iri", ta ji guba ta gudu. Ba ka ga yadda murya ɗaya ta sa an zubar da kirefish ba?

Likitan Dabbobi (Wamakko): Gaskiyarka Alhaji, kuma ban ce duk kore ba. Kore iri-iri ne. Sa sanda a ciki. In ta fito da zare-zare kamar gashi, gansakukar da muka sani ce, wadda Malam ya ambata, ba ita ake tsoro ba. In sandar ta fito kamar an tsoma ta a fenti, ba abin da ya rataya, a nan ake zargi. Ko ka cika kwalba ka sa a firji ta kwana ba motsi: mai kyau yakan kwanta a ƙasa, wancan yakan taso sama ya yi zobe, don yana da 'yan jakunkunan iska a jikinsa. Wannan ba hukunci ba ne, alama ce ta a kai wa masu madubi.

Kai ma kuma yana cutar ka ta wata hanya. In kore ya yi kauri, da dare yana shanye iskar ruwa, shi ya sa asara ke zuwa gab da asuba. Tarwaɗa na tasowa ta shaƙi iska ta tsira, karfasa ce ke juya ciki.

Mai Gidan Kifi (Kwalkwalawa): Wannan kam na gani da idona, bara da zafi. Na ɗauka wani ne ya yi mini hassada.

Nas (Arkilla): Dakta, to mutane fa? Ƙauyuka nawa ke sha daga inda shanu ke sha.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Bari in karɓa wa Dakta. Gubar da aka fi samu a ruwan daɗi sunanta maikurosistin, hanta take ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha maikurogiram 1 a lita. A garin Karuwaru na Barazil a 1996 ta shiga ruwan da ake wankin ƙoda da shi, marasa lafiya sama da 50 suka rasu. A Amurka kuma, watan Agusta 2014, an hana mutum wajen 400,000 na birnin Toledo shan ruwan famfo kusan kwana uku, aka kuma ce kada su tafasa, don tafasawa ba ta kashe ta, sai ma ta ƙara mata kauri in ruwa ya ƙone. Abin lura a labarin Toledo, awo ne ya kama ta kafin ta kwantar da gari.

Alam da mata ke sawa yana kwantar da ƙwayoyin tare da laka, ya rage, amma gubar da ta riga ta narke a ruwa ba ya kama ta. Wanda yake da rijiya ko burtsatse kusa, in tabki ya yi fenti, ya koma can har ya washe. Kifin da aka kama a irin ruwan kuma a cire kayan cikinsa tas a wanke da ruwa mai kyau, a can ta fi taruwa.

Malam, ga amsar mas'alarka daga ɓangarenmu: tsarki naku ne ku faɗa, amma mai alwala yana kurkure baki yana shaƙa a hanci, yara kuma na wanka suna haɗiya. Irin mai fentin yana sa ƙaiƙayi da jan ido da ciwon ciki.

Alaramma (Kanwuri): Na fahimta. Ruwa na iya zama mai tsarki kuma a hana shi saboda cuta, ba karo a tsakaninsu. Zan faɗa a karatun gobe in Allah ya kai mu.

Sarkin Musu (Gawon Nama): To na ji, na janye rabin maganata, rabi kawai. Ga sauran. Ka ce a can in an auna sai a rufe. Mai dandamalin kumba yana da banki, yana da ƙungiya. Kumbarsa ma ba mutuwa take ba, ko?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Ba ta mutuwa. Tana nan a igiya, in ƙwayoyin sun wuce ita da kanta take wanke cikinta a hankali, makonni ko watanni, sannan a sayar. Amma suna kuka sosai in rufewar ta daɗe, ba ciniki, ga ma'aikata.

Sarkin Musu (Gawon Nama): Ka gani. Shi jinkiri ya samu. Bafulatanin Dakta in ka ce kada shanunsa su sha, ina zai kai su a watan Afrilu? Saniya ba ta jiran sakamakon bincike. Awo ba tare da madadi ba, tsoratarwa ce kawai da takarda. Kuma wa zai saya muku madubin, wa zai zuba man mota kowane mako daga Goronyo zuwa Lugu zuwa Kalmalo zuwa Shagari? Mu da…

Baba Mai Zaure: Sarki, tsaya nan. Na san inda za ka. Ba a kiran sunan ofis ko mutum a zauren nan.

Likitan Dabbobi (Wamakko): Maganarsa na da ƙarfi, Baba. Amma sau da yawa madadin ba nisa. Iska ce ke tara koren a gefe ɗaya, gefen da take busawa zuwa. A zagaya da garke ɗaya gefen, ko a tona ƴar rijiya a yashi taku kaɗan daga bakin ruwa a bar shi ya tsatso, an rage haɗari da yawa. Makiyaya sun iya wannan tun kafin a haife ni. Abin da ba su da shi, wanda zai ce musu makon nan ne.

Ɗan Kware: Ku dakata in hwaɗi wani abu. Kuna ta cewa Turawa na ruhe ruwa kamar sabon abu na. Mu tun kakanni Sarkin Ruwa ka ruhe tabki. In yac ce ba a shiga, ba mai jehwa ko ƙugiya sai ranar da anka buɗe anka yi su gaba ɗai. Ku dubi Matan Hwada ta Argungu, ai don ana tsare ta na kihi ka girma hakanan. Wanda duk yak karya doka ya san abin da ka biyo baya. Ruhewa ba ta gagare mu ba. Amma shi Sarkin Ruwa don kihi shi girma yaka ruhewa, ba don abin da ido bai gani ba. In kun ba shi magana tabbatatta, shi ka da bakin da masunta ka ji, ba takardar ohis ba.

Malama (Runjin Sambo): Kawu, wallahi ka fi mu duka. Mai rufewa yana nan, mai ƙirgawa ne babu a kusa da shi.

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Kawu, na rubuta wannan a littafina. Kuma masu ƙirgar ba daga sama za su faɗo ba. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas, ita ke da gaɓar tekunmu mai kilomita 853, inda ake cin kumbar da ke manne a saiwar itatuwan bakin ruwa. Akwai ta kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a bakin Gulbin Rima, kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. Maroko ma sai da aka rasa rayuka a 1994 ta hanyar kumba, yau tana cikin ƙasashen Afirka da ke auna ruwan tekunsu a kai a kai. Abin da na koya a nan shi ne ɗiba ɗaya ba ta gaya maka komai. Wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, shekara da shekaru, har ka san watan da abin ke tasowa kafin ya taso.

Ga 'yan'uwa masu zuwa Fatakwal da Kalaba fatauci ko hidimar ƙasa: in an ba ku kumba, ku ci inda mutanen gari ke saye, kada ku tsinta da kanku kamar wani da na sani.

Malama (Runjin Sambo): Muna da madubi biyu a makarantarmu, ɗaya na aiki, yana cikin kwali tun zuwana. 'Yan ajin ƙarshe ba su taɓa ganin ɗigon ruwan tabki a ciki ba, sai zane a allo. In Kawu zai riƙa aiko mana da kwalba duk Asabar, mu duba mu ɗauki hoto da waya mu tura maka, za ka iya gane su?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Manyan dangin zan gane, Malama, musamman masu dunƙulewa da masu jerin carbi. Yawan guba kam sai ɗakin bincike, kada mu yi wa kowa alkawarin da ba namu ba. Kuma kada hoto ɗaya ya fita zauren nan da sunan wani tabki, in ba haka ba gobe mu ne masu sabuwar murya.

Mai Gidan Kifi (Kwalkwalawa): Wannan sharaɗin shi ne nawa. In an kiyaye shi, ku haɗa da kududdufina, kuɗin mota a kaina.

Sarkin Musu (Gawon Nama): Mako uku na ba ku. In kun kai na huɗu, ni zan sayi aidin ɗin.

Uwar Biyu (Mabera): Ni dai na shinshina, na daka, miyar kuɓewa har an sauke. Maƙwabciyata na tsaye a kaina tana karanta bayanin nan, wai in sam mata cokali biyu. Sarkin Musu, taka ta ƙare.

Ɗan Kware: Malam, kwalba wace iri? Ta ruwan roba ta yi? Kuma da sahe za ni ɗiba ko da marece?

Ɗan Rijiyar Ɗorowa (Sifaniya): Ta yi, Kawu, a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin. Da hantsi, kafin iska ta tashi, kuma kullum wuri ɗaya. Kada a cika ta fal, a bar ɗan sarari, a sa ta a inuwa cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ka sa leda a hannu in ruwan ya yi kauri. A rubuta rana a jikinta.

Ɗan Kware: Rubutun sai ɗiyata, ita ka zuwa makaranta. Asabar in Allah ya so tana hannun direban Kware na hwarko, Malama ki turo wanda zai amsa a tasha.